Yaranmu masu zane mai motsi: yabo ya isa haka nan, a kai aikin inda za a gyara



Yau maganar tamu kan yaranmu ce masu yin zane mai motsi, wanda nan gida muka fi sani da desan anime, ƴan uwanmu na Najeriya kuma suna ce masa katun. Duk mai salula a hannu ya lura cewa ƴan shekarun nan abin ya fara yawa. Ɗan lise ko ɗan jami'a zai zauna da wayarsa ya zana yaro yana korar akuya, ko tsohuwa tana yi wa jikoki gatana, ya sa murya, ya saki a Facebook ko TikTok. Kafin la'asar yabo ya cika wuri. Wannan ya ce sai kai gwani, wancan ya ce Allah ya ƙara basira, wani ma ya ce ai Disney ta sauka Nijar. Yaro ya kwana da farin ciki. Bayan wata shida ya saki wani sabo, kuma in ka duba da kyau, kuskuren da ke cikin na farko yana nan daram cikin na biyu.

Ra'ayina a nan shi ne: duk ɗalibin da ke son wannan aiki ya zame masa sana'a, dole ya riƙa aika aikinsa zuwa dandalin intanet inda masu sana'ar suke dubawa su yi gyara. Ya aika tun aikin bai ƙare ba, ya aika ɗan kaɗan, kuma ya san sharuɗɗan wurin kafin ya aika. Mu kuma iyaye, malamai da abokai, mu daina ɗaukar gyara kamar hassada ce.

Bari mu fara da yadda abin yake, don wanda bai sani ba ya gane mi ake gyarawa. Fim na silima hoto 24 ne ke wucewa cikin sakan ɗaya. Masu zanen hannu da yawa suna barin kowane zane ya tsaya sau biyu, ke nan zane 12 a sakan. Minti ɗaya zane 720 ke nan. Fim na minti biyar zane 3,600. In yaro yana iya zane goma a yini, bayan ya taso daga lakkwal ya yi aiken gida, to sai ya kwashe kwana 360 kafin ya gama, kusan shekara cur. Yanzu ku ɗauka tun makon farko ya yi kuskure wajen yadda mutumin cikin fim ɗinsa yake taka ƙasa, ba wanda ya gaya masa. Ya maimaita kuskuren shekara guda, ya ƙone kuɗin forfe, ya hana idonsa barci. Wannan ita ce asarar da muke magana a kai.

Kuma irin wannan kuskure, ni da kai da muke kallo ba mu iya faɗinsa. Muna dai jin cewa wani abu bai zauna ba. Wanda ya san aikin shi ne zai tsayar da bidiyon ya ce: duba nan, ƙafarsa tana sulɓi bisa ƙasa kamar mai tafiya kan santsi, ƙafar da ta taka ya kamata ta tsaya wuri guda har jiki ya wuce ta. Ko a zana mace tana daka. Ɗalibi sabon shiga zai sa taɓarya ta hau ta sauka da sauri iri ɗaya, sai abin ya fito kamar inji. Alhali duk wanda ya tashi gidan da ake daka ya san taɓarya tana hawa a hankali, ta ɗan dakata sama, sannan ta faɗo da ƙarfi, kafaɗa da ƙugu su bi ta. Ko yarinya ɗauke da bokitin ruwa a kai: in wuyanta bai ƙage ba, takunta bai gajarce ba, mai kallo zai ji bokitin wofi ne ko da an zana ruwa har baki. Haka dattijo mai babbar riga in ya tsaya cak, rigar ba ta tsayawa tare da shi, sai ta ɗan wuce gaba ta dawo. Waɗannan abubuwa suna da ƙa'idoji sanannu. Tun 1981 wasu tsofaffin ma'aikatan Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, suka tattara ƙa'idoji 12 na wannan sana'a cikin littafi, kuma har yau da su ake koyarwa. Amma karanta ƙa'ida daban, wani ya nuna maka inda ka karya ta cikin aikinka daban.

Mu ƴan Nijar bai kamata a tsaya ana yi mana dogon bayani kan wannan ba, don muna da misali a gida. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a N'Dunga cikin 1942, yana cikin mutanen farko da suka yi fim na zane mai motsi a Afirka ta kudu da Sahara. Makanike ne tun farko. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, ya koyi aikin kamara, daga nan hanya ta buɗe masa ya tafi Kanada, inda ya zauna da Norman McLaren, ɗaya daga cikin manyan gwanayen wannan fanni a duniya. Ya nuna abin da yake yi, aka duba, ya ga yadda wasu suke yi. Cikin 1965 ya fitar da La Mort de Gandji, wanda ya samu kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar cikin 1966. A wannan shekara ta 1966 ya yi Bon voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, ana ta fareti da bushe-bushe. Wanda ya kalla ya san da su wa ake. Daga baya ya yi Samba le grand cikin 1977 da ƴan tsana, ya kuma yi Kokoa, inda dabbobi ke kokowa cikin fili irin tamu ta gargajiya. Ya jagoranci sashen silima na jami'ar Yamai shekaru da dama, ya zauna Tawa yana aiki cikin ɗakin da ya haɗa da hannunsa, ya rasu a Wagadugu cikin watan Maris na 2015.

Abin lura a nan, zuwansa Kanada bai sa ya dawo yana zana dusar ƙanƙara ba. Dabara ya ɗauko, labarin kuma ya bar shi na gida: kwaɗi, hawainiya, sarki da fadawa, filin kokowa. A zamaninsa sai da jirgin sama da taimakon manya kafin gwani ya ga aikinka. Yau yaron da ke unguwar Birni a Damagaram ko Zariya a Maraɗi yana iya samun irin wannan ido da ƴan mega kaɗan. Abin takaici ne a ce hanyar ta zo har cikin aljihu, mu kuma mun tsaya ga yabon ƴan fada.

To ina ake aikawa? Wuraren iri uku ne, kuma bai kamata a haɗa su ba.

Na farko su ne wuraren koyo, inda ake kai aikin da bai ƙare ba. Akwai 11 Second Club: kowane wata suna ba da ɗan sauti na kimanin sakan 11, kowa ya zana mutum yana faɗin maganar da motsin da ya dace, a aika, mahalarta su ba juna maki, su faɗi abin da suka gani. Sakan 11 zane 132 ne kawai in kana yin 12 a sakan, abin da ɗalibi zai iya cikin wata guda. Akwai kuma zaurukan masu aiki da Blender da Krita, manhajoji biyu da ake saukewa kyauta ba tare da satar lasisi ba. Wasu malamai suna amfani da SyncSketch, inda mai gyara yake tsayar da bidiyonka ya yi zane da jan layi bisa hoton da ke da matsala, kamar yadda mushe yake bi da jan bik cikin kaye.

Na biyu su ne wuraren baje koli, inda kake ajiye mafi kyawun aikinka don masu neman ma'aikata su gani, irin su ArtStation da The Rookies, wanda ke shirya gasa duk shekara don ɗalibai da sabbin shiga.

Na uku su ne bukukuwan fina-finai, waɗanda yawancinsu yanzu ta intanet suke karɓar aiki, da yawa ta hanyar FilmFreeway. FESPACO na Wagadugu, da aka fara tun 1969, yana da sashen fina-finan makarantun silima na Afirka, yana kuma karɓar zane mai motsi. Abijan tana da bikinta na zane mai motsi. Bikin Annecy na Faransa, mafi girma a wannan fanni, yana da sashe na musamman don fim ɗin kammala karatu.

Kuskuren da yaranmu suka fi yi shi ne su tsallake na farko su faɗa na uku. Biki ba ya yi maka gyara. Ko ya ɗauka, ko ya aiko maka da ƴar wasiƙar ban haƙuri wadda ba ta faɗin dalili. Wanda bai saba da gyara a ƙaramin wuri ba, wasiƙa biyu irin wannan sun isa su sa ya ajiye alƙalami.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wasu suna cewa: Bature ko ɗan Japan mi ya sani game da mu da zai gyara mana labari? Akwai gaskiya ciki. Ka zana yarinya ta durƙusa tana gaida kawunta, idonta a ƙasa, wani daga Amurka zai ce maka ka sa ta dube shi cikin ido, don a wurinsu sunkuyar da kai alamar tsoro ce ko rashin gaskiya. Wannan gyara ba naka ba ne, ka yi godiya ka wuce. Amma in ya ce maka durƙuson ya yi sauri, gwiwa ta kai ƙasa ba tare da nauyin jiki ya bi ta ba, to wannan ya shafe ka, don nauyi iri ɗaya ne a Tasawa da Tokiyo. Aikin ɗalibi shi ne ya koyi rabe gyaran sana'a da gyaran al'ada. Kuma ko gyaran al'adar yana da amfani ta wani gefe: in mutum biyar baƙi duk sun ɗauka yarinyar tsoro take ji, wataƙila ɗan murmushi kaɗan a fuskarta zai sa kowa ya gane ladabi ne, ba tare da ka taɓa al'adar ba.

Wasu kuma suna cewa za a sace aikin. Wannan tsoro ne ya sa fina-finai da yawa suke kwance cikin kati har wayar ta lalace ko a sace ta a tasha. Gaskiyar magana, tafiyar sakan goma da ɗalibi ya zana don koyo ba ita ɓarawo yake nema ba. Abin da ake tsarewa shi ne cikakken labari da siffofin taurarin da ka ƙirƙira. Su ma akwai dabara. A YouTube kana iya sa bidiyo yadda sai wanda ka ba adireshinsa ne zai gani. Ka rubuta sunanka a gefen hoton. Ka ajiye ainihin fayilolin aikin da zanen takarda na farko, don su ne shaidarka ranar gardama. A doka, haƙƙin aiki na wanda ya yi shi ne tun ranar da ya yi shi, kuma muna da ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, inda mai cikakken aiki zai iya zuwa ya yi rajista. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ke son a gyara masa dole ya buɗe wani abu.

Sai maganar kuɗi da rezo da kuran. Wannan kam ba mai musu. Lokacin zafi kuran yana ɗaukewa ana tsakiyar aiki, rezo a ƙauye sai an hau tudu, forfe kuma yana ƙarewa kamar ana zuƙe shi. Amma ku lura, wannan hujja ce ta a aika ɗan kaɗan, ba ta a ƙi aikawa ba. Bidiyon sakan goma, baƙi da fari, ba launi ba kiɗa, bai kai nauyin waƙa ɗaya ta bidiyo da muke turawa juna a WhatsApp kullum ba. Wanda forfensa ke da tsada shi ya fi kowa buƙatar a gaya masa kuskurensa da wuri.

Akwai matsalar harshe. Yawancin waɗannan wurare da Ingilishi ake magana, mu kuma Faransanci muka yi a lakkwal, wasu ma Hausa da Larabci kawai. To amma gyaran zane rabinsa da zane ake yin sa. Jan layi bisa ƙafa ba ya buƙatar tafinta. Sauran kuma manhajar fassara tana iya kai ka rabin hanya, kuma kalmomin sana'ar ba su da yawa, cikin wata biyu ka haddace su. Akwai zaurukan masu Faransanci, akwai ƴan Kodebuwa, Senegal da Burkina da suka riga mu nisa, akwai ƴan uwa Hausawa a Kano da Kaduna da Abuja da ke wannan aiki.

Hujja ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi a wurina: kada a karya wa yaro zuciya. Mu mutane ne masu kunya da kara. Ba mu saba mu ce wa mutum aikinka bai yi ba a gaban jama'a. Kuma gaskiya ne intanet tana da marasa tarbiyya, waɗanda za su yi maka dariya ba su ƙara maka komai ba. Sai dai mu tambayi kanmu: yaron da aka kai koyon ɗinki, in ya karkace wuyan riga, maigidansa yabonsa yake yi? Farke ɗinkin yake ya ce sake. Dukawan Damagaram haka suke koya wa yaransu aikin fata. Ɗan kokowar da ke mafarkin ɗaukar takobi, a unguwa ake fara kada shi sau ɗari kafin ya shiga babban fili. Duk sana'ar da muka gada da gyara muka gaje ta. Don mi zane mai motsi kaɗai za a ce sai tafi? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da ya kamata shi ne a zaɓa wa yaro wurin da ke da dokoki da masu kula, kuma ƙaramin yaro babba ya tsaya masa. Su kansu Facebook da YouTube sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi.

Yanzu kai ɗalibi, ga yadda ake aikawa a samu amfani.

Ka aika tun aikin yana zanen farko, kafin launi, kafin inuwa. In ka riga ka shafa launi ka sa kiɗa, ko an gaya maka gaskiya zuciyarka ba za ta yarda ka rushe ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ka aika da tambaya. Kada ka rubuta "ku duba mini" kawai. Ka ce: wannan tsoho ne mai shekara saba'in yana tashi daga tabarma, ina son a ji gwiwarsa tana ciwo, ya fito ko bai fito ba? Ka faɗi manhajar da ka yi aiki da ita, ko FlipaClip ce a waya ka faɗa ba kunya, ka faɗi zane nawa kake yi a sakan. In da hali ka sa lambar kowane hoto ta riƙa fitowa a gefe, don mai gyara ya iya ce maka duba hoto na 37.

In akwai magana da Hausa cikin aikin, ka sa fassara a ƙasa, amma ka bar muryar Hausar. Kada ka canza harshen fim ɗinka don mai duba.

Ka ɗauki kanka bidiyo kana yin motsin kafin ka zana, ko ka roƙi ƙanenka ya yi, ka aika tare da zanen. Manyan gidajen zane ma haka suke yi.

In gyara ya zo, kada ka ba da amsa da zafi. Ka kwana a kai. Abin da mutum ɗaya ya faɗa ra'ayi ne, abin da mutum uku suka faɗa ba su san juna ba, to akwai shi. Ka gyara, ka sake aikawa, ka nuna na da da na yanzu. Masu sana'a suna son wanda ya dawo da gyara, shi suke ƙara ba lokacinsu. Kai ma ka duba aikin wasu ka faɗi abin da ka gani cikin ladabi, don idonka yana buɗewa ne wajen duba na wani.

Sai abubuwan da za a yi hattara da su, don ba duk dandali ne na alheri ba.

Ka karanta sharuɗɗa kafin ka danna amincewa. Yawancin manyan dandali suna barin aikin a matsayin naka, amma kana ba su izinin nuna shi da yaɗa shi. Gasar da ta ce duk abin da aka aiko ya zama mallakinta, ko ka ci ko ba ka ci ba, ka guje ta. Ka duba kuma ko suna ba da aikin mutane don horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Cikin Disamba 2022 masu zane sun yi bore a ArtStation kan wannan batu, har dandalin ya fito da wata alama da mai zane zai sa don ya nuna bai yarda ba.

Ka kula da kiɗa. Ɗaukar waƙar wani mawaƙi ka liƙa a fim ɗinka ba da izininsa ba yana iya sa YouTube ta toshe bidiyon, biki kuma ya ƙi karɓa. Ga makaɗa cike da gari. Ka je wurin mai gurmi ko mai kalangu na unguwarku, ku yi magana, ka ɗauki sautinsa da yardarsa, ka sa sunansa a ƙarshen fim.

In kana da niyyar kai fim biki, kada ka sake shi ga kowa da kowa tukuna, don wasu bukukuwan ba su karɓar abin da ya riga ya bazu. Ka kuma sani akwai bukukuwan bogi da ba su da aiki sai karɓar kuɗin shiga su aiko maka da hoton lambar yabo. In ba ka ga hoton zauren da suka taɓa nuna fim ba, ba ka ga sunayen alƙalansu ba, riƙe jikkunanka. Bukukuwa na gaskiya da yawa kyauta ne, wasu kuma in ka rubuta ka ce kai ɗalibi ne daga Nijar, ba ka da katin banki, suna iya yafe maka kuɗin. Tambaya ba laifi ba ce. Duk wanda kuma ya biyo ka ta saƙon sirri ya ce ka turo kuɗi zai kai ka aiki waje, ko ya nemi hoton takardunka, ka toshe shi. Wannan gargaɗi ya fi shafar ƴan matanmu masu zane, kuma suna nan, suna da hannu ƙwarai.

Kada wani ya ce duk wannan wahalar banza ce, ba a zuwa ko'ina. Cikin 2015 gidan zane na Triggerfish da ke Afirka ta Kudu ya yi kira ga marubutan nahiyar su aiko da labaransu. Wata matashiya ƴar Zambiya, Malenga Mulendema, tana cikin waɗanda aka zaɓa. Labarin nata na ƴan mata huɗu a birnin Lusaka shi ne ya zama Supa Team 4, wanda Netflix ta fara nunawa cikin 2023. Ku ƙirga: shekara takwas tsakanin aikawa da fitowa, ana rubutu ana sakewa. Da ta tsaya ga yabon ƙawaye, da labarin yana nan cikin kaye.

Amma kada mu ɗora komai bisa wuyan yara. Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, ta Dan Dikko Dankulodo a Maraɗi, ta Andre Salifu a Damagaram da ta Jibo Hamani a Tawa duk suna da ɗalibai masu hannu, suna da ɗakunan ordinatar. Mi zai hana kowace ta ware yini ɗaya a wata, a haɗa masu zane, a haska aikin kowa a bango, a yi gyara, sannan a aika mafi kyawu waje da rezon makaranta? Gidajen matasa da na al'adu da ke kowace jiha su ma za su iya. Cibiyar silima ta ƙasa kuma, in tana son a samu magadan Mustafa Alasan, abu mafi araha da za ta yi shi ne ta nemo gwanaye biyu ko uku, ƴan gida ko maƙwabta, su riƙa duba aikin ɗalibai ta intanet da Hausa, Zabarmanci da Faransanci. Wannan bai kai kuɗin taron bita ɗaya na otal ba.

Kafin hukuma ta motsa, ku masu zanen kuna iya farawa da kanku. Mutum goma sun isa. Ku buɗe zaure ɗaya, ku sa doka: ba a turo komai sai aiki, kowa ya turo sakan biyar zuwa goma duk mako biyu, kuma duk mai magana sai ya faɗi abu ɗaya da ya yi kyau, abu ɗaya da za a gyara, da yadda za a gyara shi. Ku riƙa tura bidiyo a matsayin fayil, don WhatsApp yana matse hoto ya ɓata layi. Wanda ya samo gyara daga waje ya kawo ya fassara wa saura. A haka za ku samo wa sana'ar kalmominta na Hausa, don yanzu ko sunan abubuwa da yawa ba mu daidaita a kai ba.

Dalilin da ya sa na ɗauki abin da zafi shi ne, kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, kuma duk gidan da ke da tele ko salula, yara suna gaban desan anime. Da harshen wasu suke kallo, da tarbiyyar wasu. Cikin 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Magana ce babba, amma yaro ɗan shekara biyar ba ya karanta kundin doka, abin da ke motsi a allo shi yake bi. In muna son ya zauna ya kalli Gizo da Ƙoƙi da Hausa, sai Gizon ya yi tafiya mai kyau, ya yi tsalle mai nauyi, ya ba da dariya a daidai lokacin da ya kamata. In ba haka ba yaron zai danna ya koma wurin na waje, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Kishin ƙasa ba ya riƙe ɗan shekara biyar a gaban fim maras kyau.

Don haka in ɗanka ko ƙanwarka ta nuna maka zanenta, ka yaba, yabo yana da wurinsa, shi ke sa a tashi gobe a ci gaba. Amma ka ƙara da tambaya ɗaya: wa ya duba maka wannan cikin waɗanda suka san aikin? In ta ce ba kowa, to taimakon da za ka yi mata shi ne ka saya mata forfe na jika guda, ka zauna kusa da ita ta aika.

Masu zane da ke saurarenmu daga Maraɗi, Damagaram, Tawa, Yamai, Doso, Konni, Madawa da sauran garuruwa, ku nemi juna, ku san juna. Allah ya sa albarka cikin hannuwanku, ya ba ku haƙurin jin gyara. Sai mun sake haɗuwa.